Tsofaffin wuƙaƙen aljihu a Adamawa: yadda ake gane su da yadda ake adana su

A gidaje da dama na Yola da Jimeta, idan an zo rabon gado ko an buɗe tsohuwar adakar wani dattijo, akan tarar da 'yar wuƙa mai ninkewa a ƙasan kaya, ta yi baƙi ƙirin, bakinta ya maƙale a cikin ƙota. Sau da yawa makomarta ɗaya ce: a haɗa ta da ruɓaɓɓen kwano da tsohon risho a miƙa wa ɗan gwangwan, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin nauyin ƙarfe. Alhali wasu daga cikin waɗannan wuƙaƙe sun girmi Nijeriya mai 'yancin kai, kuma hatimin da ke jikinsu yana ɗauke da labarin fataucin da aka yi a Kogin Binuwai.

Ƙasar Adamawa ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali, wurin da hukumar UNESCO ta saka cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, har yau ana ganin burbushin matoyan da ake narka tama. Sai dai abin da maƙeran gida suka fi ƙerawa shi ne wuƙa miƙaƙƙiya mai kube, da takobi, da askar wanzami. Wuƙar da ake ninkewa a jefa aljihu, mai sifirin a bayanta, galibi ta teku ta shigo.

Hanyar shigowarta a bayyane take. Tun cikin shekarun 1880 jiragen ruwan kamfanin Ingila, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, suke haurowa Binuwai da damina har gaɓar Yola. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci birnin, Lamiɗo Zubairu ya fice, aka kuma raba Fombina gida biyu: Yola a hannun Ingila, Garwa da sauran ƙasar gabas a hannun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mafi yawan rabon Jamus ya koma ga Faransa. Ke nan kasuwannin wannan yanki sun zauna a mahaɗar hajar ƙasashen Turai uku, kuma kowacce tana da garin da ya shahara da ƙera wuƙa: Shefil a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa.

Wanda ya samu irin wannan wuƙa, wurin da zai fara dubawa shi ne gindin ruwan wuƙar, daidai inda ya haɗu da ƙota. Nan ake buga sunan kamfani da ƙasa.

Sunan da ya fi yawo a Afirka shi ne Okapi. An fara ƙera ta a Solingen a 1902, musamman domin kasuwannin ƙasashen da Jamus ta mallaka a nahiyar, aka raɗa mata sunan wata dabbar dajin Kwango. Ana gane fitacciyar cikinsu da ƙotar katako mai adon wata da taurari, da wani zobe a baya wanda sai an ja shi kafin wuƙar ta rufe. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka hatimin da ya nuna Jamus yana nufin wuƙar ta riga wannan shekara, wanda ya nuna Afirka ta Kudu kuwa sabuwar ƙira ce, komai tsufan da ta nuna a ido.

Ta Faransa ita ce Douk-Douk, wadda gidan Cognet ya fara yi a Thiers a 1929. Siririya ce, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, ba katako ba ƙaho. Don tsibiran tekun Pasifik aka yi ta, can ba ta karɓu ba, sai ta samu kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen rainon Faransa. Akwai wani nau'inta mai suna El Baraka, wanda aka zana wa tambarin Agadas a ƙota, shaida ce ta cewa masu ƙerar sun san wa suke sayar wa.

Akwai wasu alamomi biyu masu taimakawa wajen ƙiyasta shekaru. Rubutun da ya ce Jamus ta Yamma ba zai wuce tsakanin 1949 da 1990 ba, lokacin da ƙasar take rabe. Sannan ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1913 Harry Brearley ya gano shi a Shefil, kuma an daɗe bayan haka kafin ya zama ruwan dare a wuƙaƙen aljihu. Duk wanda ya kawo wuƙa fara tas da ba ta taɓa tsatsa ba, ya ce ta zamanin Modibbo Adama ce, wanda ya kafa Yola a 1841, to labari kawai yake sayarwa.

A nan ne kuma aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga wuƙar kakansa ta yi duhu, sai ya kai wa mai injin wasa wuƙa, ko ya bi ta da samfefa har ta yi ƙyalli. Dutsen inji yana cin ƙarfe da sauri, yana shafe hatimin, kuma zafin da yake haifarwa yana kashe taurin bakin, ta yadda ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ya kamata a bambanta abu biyu. Duhun nan mai launin toka ko baƙi da baƙin ƙarfe ke yi saboda daɗewa ba illa ba ne, hasali ma yana ɗan kare shi, kuma masu tara irin waɗannan kaya sun fi son a bar shi. Jar tsatsa mai gari, wadda ke shafar yatsa, ita ce mai ci gaba da cin ƙarfe, ita ake cirewa.

Cire ta ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada. A ɗiga man keken ɗinki a kan ƙarfen da cikin mahaɗar, a bar shi ya kwana. Idan wuƙar ta ƙi buɗewa, ɗigon kananzir a mahaɗar yana sassauta dattin da ya daskare, amma kada a sa ƙarfi, domin tsohon sifirin idan ya karye samun madadinsa abu ne mai wuya. Daga nan a goga a hankali da tsumma, a bi lungunan da tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori. Wasawa kuma da hannu ake yi a kan dutse mai laushi, a ɗan ɗaga bayan wuƙar kamar mai son yanko ɓawo siriri daga dutsen, a yi adadi ɗaya a kowane gefe. Idan ba amfani za a yi da ita ba, barinta a dakushe ya fi, don kowace wasawa tana rage jikinta.

Batun mai yana da ɗan bayani. Man gyaɗa da manja suna daƙiƙewa su yi danƙo da wari idan sun daɗe, baƙin man mota kuwa bai dace da wuƙar da za ta taɓa goro ko mangwaro ba. Wadda ake cin abinci da ita, a wanke, a busar nan take, a shafa ɗan man girki, a riƙa sabuntawa. Wadda za a ajiye, man keke ko basilin kaɗan ya wadatar.

Yanayin Yola yana gwada wuƙa ta fuska biyu. Daga Mayu zuwa Oktoba laimar damina, musamman a unguwannin da ke kusa da kogi, tana iya sa baƙin ƙarfe ya yi ja cikin 'yan kwanaki. Da hunturu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ƙotar katako ko ta ƙaho takan bushe ta tsage, ƙusoshinta su yi sako-sako. Ɗan man kaɗe a kan ƙotar yana rage wannan. Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne adana wuƙa cikin kube ko jakar fata na tsawon watanni: fata tana riƙe danshi, kuma sinadarin bagaruwar da aka jeme ta da shi yana ɓata ƙarfe. Gara a naɗe ta a busasshen ƙyalle, a sa a gwangwani mai murfi, a ɗora a sama. Waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2022 ta shiga gidajensu sun san abin da ruwa ke yi wa kayan da aka bari a ƙasan gado.

Game da lafiya, tsatsa da kanta ba ita ke kawo tetanus ba, ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, amma rauni mai zurfi daga ƙazamin ƙarfe hanya ce gare ta, don haka a je asibiti. Tsohuwar askar da aka gada daga zabirar wanzami kuwa kayan tarihi ce. Aska guda a kan mutane da yawa ba tare da an tsabtace ta yadda ya kamata ba tana yaɗa ciwon hanta nau'in B da cuta mai karya garkuwar jiki.

Sai batun doka, wanda a Jimeta ba abin wasa ba ne. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan shila masu ƙwacen waya da wuƙa sun sa matashin da aka samu da ita a aljihu cikin Keke NAPEP ko a kasuwa zai sha tambaya, kuma cewa ta gado ce ba lalle ta fitar da shi nan take ba. A gida ake ajiye ta, nesa da hannun yara. A filin jirgin sama ba a barin wuƙa cikin jakar hannu. Masu tunanin sayarwa ƙetare kuma su sani cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi daga ƙasa sai da izininta. Wannan ya fi shafar ƙirar maƙeranmu fiye da ta Solingen, kuma hukumar tana da gidan tarihi a Yola inda za a iya kai abu a duba kafin a yi ciniki.