Mai Na'urar Numfashi da Daren da Babu Wuta

A gidaje da yawa na Batsari da Safana, uwargida ce ke fara gane ciwon tun kafin likita ya ji labarinsa. Maigida zai yi ta jan minshari har a ji daga tsakar gida, can sai ya yi tsit kamar an ɗauke shi. Ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Bayan ɗan lokaci sai ya zabura da wani irin gurnani, ya juya, ya koma barci. Da safe in ta ce, "Alhaji, jiya numfashinka ya yi ta tsayawa," sai ya ce gajiya ce, ko kuma dannau ne ya taɓa shi. Da hantsi kuwa ga shi yana gyangyaɗi a bakin rumfa, ga ciwon kai, ga hawan jinin da ya ƙi jin magani.

Wannan shi ne ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci, naman da ke bayan maƙogwaro da gindin harshe yakan saki. Ga wasu, musamman masu ƙiba da kaurin wuya, sakin yakan kai ga toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu fama da shi. Yana da hannu a hawan jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma direban da ke da shi bai yi magani ba ya fi sauran direbobi haɗarin yin barci a kan sitiyari.

Maganin da ya fi aiki wata 'yar na'ura ce da ake kira CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sidni na Ostireliya, ya kuma bayyana sakamakonta a 1981. Ba iskar oksijin take bayarwa ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Iskar ɗakin take zuƙa, ta tace ta, ta turo ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke kan hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. A riƙe wannan bayani da kyau, don duk gargaɗin da zai biyo baya a kansa ya tsaya: abin da ke cikin iskar ɗaki, shi na'urar za ta ɗura wa mai barci.

To, waɗanda suka ƙera ta ba su san wutar NEPA ba. A ƙasashen Turai da Amurka, tambayar yadda za a kunna ta babu wuta takan taso ne sa'ad da mutum zai fita shaƙatawa a daji ya kwana a ɗakin da ake ja da mota. A yammacin Katsina kuwa kusan kowane dare irin wannan dare ne. Garin da wayar wuta ta kai, ba kullum wutar ke zuwa ba. Ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu kuma da yawa ba su taɓa ganin turken wuta ba. A watan Oktoba na 2024, manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Katsina da Kano da maƙwabtansu suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kafin nan, a 2021, matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka sun haɗa da hana sayar da fetur a jarka da rufe shagunan cajin waya a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba, har da Batsari da Safana. Duk wanda ya dogara da janareta ko shagon mai caji a wannan lokaci ya ga iyakarsa. Ga kuma direban tirela da ke ɗaukar hatsi ko dabbobi zuwa kudu yana kwana cikin kan mota, ga wanda rashin tsaro ya tilasta wa barin Ruma ko Runka ya raɓa a gidan dangi a birni. Saboda haka mai hankali yakan fara lissafin batir kafin ya biya kuɗin na'urar.

Lissafin ba shi da wuya. Injin da ke tura iskar ba ya cin wuta sosai, galibi tsakanin wat 10 zuwa 20, gwargwadon ƙarfin iskar da likita ya saita. A barcin awa 8 ke nan bai cika wuce wat-awa 160 ba. Mai shan wutar shi ne ɗan tankin ruwan da ke ɗumama iska ya sa mata laima, da mesa mai ɗumi idan na'urar tana da ita. Da zarar an kunna waɗannan biyu, cin wutar kan ninka sau uku ko huɗu. Batirin da aka rubuta wa 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma in na ruwa ne, irin na dalma, rabinsa kaɗai ya kamata a taɓa, in ba haka ba cikin 'yan watanni zai mutu. Ke nan wat-awa 600: kwana uku zuwa huɗu idan an kashe ɗumama, kwana ɗaya ko biyu idan an bar ta a kunne. Batirin litiyam na zamani yakan bari a sha kashi 80 cikin 100 ko fiye, ba shi da nauyi, yana kuma daɗewa, sai dai tsada.

Batirin tashin mota daban ne da batirin sola, ko da sun yi kama a ido. An yi na mota ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, ba don a yi ta tsotsarsa dare guda ba. Direban da ya jona na'urarsa a kansa na iya wayar gari motar ta ƙi tashi, kuma duk wanda ya san hanyoyin wannan yanki ya san ba wurin tsayawa neman masu turi ba ne. Ya nemi batir na biyu, na musamman, ya riƙa cajinsa sa'ad da mota ke tafiya. Ya kuma tuna cewa yawancin manyan motoci 24V suke amfani da shi, ƙananan motoci 12V. Na'urorin ma ba ɗaya suke ba: AirSense 10 ta kamfanin ResMed 24V take ci, DreamStation ta Philips kuma 12V. A duba rubutun da ke ƙarƙashin na'urar kafin a jona komai, kuma kada a bar yaron shago ya yanke waya ya haɗa da ka, babu fiyus.

Mutane da yawa inbata suke fara saye, don ita suka sani. Tana aiki, amma akwai asara: tana ɗaga wutar batir zuwa irin ta gida, sannan adaftar na'urar ta sake sauko da ita, a tsakani kashi 10 zuwa 20 ya tafi a zafi da ƙarar fanka. Kamar ɗiban ruwa ne da guga mai yoyo. Hanyar da ta fi ita ce wayar da kamfanin ya yi don jona na'urar kai tsaye a batir ko ramin laitar mota. In kuwa sai da inbata, a nemi mai ba da wuta sumul irin ta layi, domin masu arhar nan suna iya ƙona abin ɗumama ruwan. Batirin ajiyar cajin waya kuma, ko an rubuta masa 20,000mAh, abin da ke cikinsa wat-awa 74 ne kacal, kuma galibinsu 5V suke fitarwa. Ba zai kai kowa asuba ba.

Rana dai Allah ya hore wa Katsina ita. Faifan sola mai wat 100, in an share masa ƙura, yakan tara wat-awa 350 zuwa 450 a wuni, wanda ya fi abin da na'urar ke buƙata idan an kashe ɗumama. Sai dai a sa masa kwantirola, a ajiye batirin a inuwa, a kuma hana yara da baƙi jona waya da fanka da talbijin a kansa. A nan ne yawancin lissafi ke rushewa, ba wajen injiniya ba.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne janareta. Hayaƙinsa na ɗauke da wata guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta kori oksijin, mai barci ya zarce daga barci zuwa suma bai sani ba. Kusan kowace shekara jaridun Najeriya na kawo labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar sun rasu, inji na aiki a zaure ko baranda don tsoron ɓarayi. Mai CPAP bai tsira daga wannan ba, don matatar da ke bayan na'urar ƙura take tarewa, ba guba ba. Za ta zuƙo hayaƙin ta tura masa har cikin huhu daren gaba ɗaya. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Hukuncin ɗaya ne ga direban da ya rufe gilashi ya bar injin mota na aiki don kada batir ya sauka, da wanda ya shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu. Amfanin janareta shi ne a yi cajin batir da shi da rana, a kashe shi kafin a kwanta. Batirin ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, don haka ba a cajinsa a ƙarƙashin gado ko kusa da murhu. Ko maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta, a nisanta su da na'urar; gidan sauro ya wadatar.

Hunturu na da tasa fitinar. Iska ta bushe, hanci na tsagewa, ga shi an ce a kashe ɗumama don tattalin batir. Mafita ita ce a zuba ruwa a tankin amma a bar abin ɗumamawar a kashe, iskar da ke wucewa ta kan ruwan za ta ɗebi ɗan laima. Tataccen ruwa irin na kantin magani aka fi so. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar farin ƙanzo a tanki, in shi aka samu a tafasa shi ya huce, a kuma wanke tankin kullum. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin gareji kuwa kada a kusance shi, don ba a san ko an gauraya shi da asid ba. Matatar ƙurar da a wani wuri take yin watanni, a watan Janairu a Safana cikin mako biyu za a ga ta koma ja, sai a canza.

Masu niyyar aikin Hajji su fara shiri tun kafin su isa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. A masaukin Makka da Madina babu damuwa, adaftar na'urar na karɓar wuta daga 100V zuwa 240V. A tantin Mina soket kaɗan ne ga jama'a mai yawa masu cajin waya, a Muzdalifa kuwa fili ne. Dokar jiragen sama ta hana sa batirin litiyam a jakar da ake aunawa. A hannu ake riƙe shi, mai wat-awa 100 ko ƙasa da haka ba ya buƙatar izini, daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince. Takardar likita na sauƙaƙa magana a wurin bincike.

A yi hattara da na'urorin gwanjo. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana rugurgujewa mutum ya shaƙe shi, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. Kayan da aka janye a Turai ba abin mamaki ba ne a gan su a kasuwarmu da farashi mai daɗi. Haka nan aron na'urar wani ba daidai ba ne, don ƙarfin iskar kowa daban ake saita shi bayan gwajin barci. Wanda iyalinsa suka ga alamun nan ya fara da asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi wurin likitocin ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Idan batir ya ƙare tsakar dare, abin da aka saba gani shi ne mutum ya farka ya cire takunkumin. Akwai ƙananan huji a jikinsa da gurɓatacciyar iska ke fita ta ciki, kuma wanda ke rufe baki da hanci yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in na'urar ta tsaya. Kada a liƙe su da salatif wai don iska na zurarewa. Sauran daren a kwanta ta gefe, a ɗaga kai da matashi, a guji maganin barci da kodin da taramol, domin suna ƙara sakin maƙogwaro su kuma danne numfashi. Ciwon yakan dawo tun daren farko da aka kwana babu na'ura, don haka direban da ya wayi gari kansa na nauyi ya miƙa wa abokin tuƙinsa makulli, ko ya faka ya yi barci kafin ya hau titi.