Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakukar Tafki Da Shanunmu

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ya san ba ƙaramar kasuwa ba ce. Tana cikin manya a Afirka ta Yamma, kuma daga nan ake loda shanu a tirela zuwa Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha. Saboda haka duk abin da ya taɓa shanun ƙasar nan ya taɓa aljihun 'yan'uwanmu fatake da dillalai da mahauta mazauna Kudu. To, yau maganar ruwan da shanun nan ke sha za mu yi.

A wannan yanki damina gajera ce, wata huɗu ne ko abin da ya yi kusa da haka. Da ruwa ya ɗauke, sai garke ya dogara ga tafkuna da kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasa. In bazara ta yi, ruwan ya ja baya ya yi ɗumi, sai ka ga fuskarsa ta yi kore shar kamar an zuba fenti. Mu dai gansakuka muke ce da ita duka, makiyayi ya kore ta gefe da sanda, shanu su kafa kai. Amma masana sun ce gansakuka iri-iri ce, kuma wata tana da dafi.

Mai dafin wasu ƙwayoyin halitta ne ƙanana ainun, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Abu uku suke so: zafi, da ruwan da ba ya gudu, da taki. Kashin shanun da ke shiga ruwa da takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki su ne abincinsu. In sun samu, sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki. Iska kuma ta turo su bakin tafki, daidai inda dabba ke sa baki. Wani dafin hanta yake ci, wani kuwa jijiya yake kamawa, har dabba ta faɗi cikin sa'o'i kaɗan. Abin tsoro kuma, tafasa ruwan ba ya kashe dafin da ke cin hanta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostareliya. A 2014 an hana mutum wajen 400,000 shan ruwan famfo kwana uku a birnin Toledo na Amurka saboda wannan dafi. A 2020 kuma gwamnatin Botswana ta ba da sanarwa cewa shi ne ya kashe giwa 330. In ya kada giwa, ina ga ɗan maraƙi?

Ku da ke zaune a bakin teku, ku ma abin bai bar ku ba. A ruwan gishiri akwai danginta da kan rina teku ta yi ja ko ruwan ƙasa. Takan kashe kifi, dafinta kuma yakan taru a jikin kawa da sauran masu ƙwarya, wanda ya ci ya kamu. A 2016 ta kashe kifin kiwo miliyoyi a ƙasar Cile. Sai dai kada a haɗa ta da kainuwar da ta mamaye ruwan Ikko tun 1984. Ita wannan ganye ce mai saiwa, ɓarnarta toshe hanyar kwalekwale.

Kada kuma a ce kowane koren ruwa guba ne. A wajen Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwashe wata irin gansakuka da suke kira dihe, su shanya ta a yashi, su yi miya da ita, kuma tana gina jiki. Matsalar ita ce ido kaɗai ba ya rabe mai dafi da marar dafi.

Shi ya sa ƙasashen da suka sha wuyarta suke sa mata ido. Ma'aikata kan ɗebi ruwa a kwalba a kai a kai, su duba a madubin likita su ƙidaya ƙwayoyin, su auna dafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'ida tun 1998, cewa wani nau'in dafin kada ya wuce maikurogiram 1 a lita guda ta ruwan sha. Har da tauraron ɗan'adam ake leƙen launin ruwa daga sama. Da an ga alama, sai a rufe wurin a yi shela.

Mu ma muna da gidajen bincike. Akwai cibiyar binciken teku a Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, da ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, da ta cututtukan dabbobi a Vom. To amma ina New Bussa, ina kududdufin bayan Potiskum? Abin da muke roƙon Gwamnatin Jihar Yobe shi ne a koya wa malaman dabbobi ɗibar ruwa da aikawa a auna, musamman daga watan Maris zuwa saukar damina, a tafkunan da ke kan burtali da na kusa da kasuwa.

Kafin nan, ga abin da makiyayi zai iya yi da kansa. Ya tsoma sanda a cikin koren. In ya fito da zare-zare kamar gashi, galibi ba mai dafin ba ce. In kuwa sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, to a yi hattara. Ko ya cika kwalba ya ajiye ta kwana. In koren ya taso sama ya yi layi, alamar mai haɗarin ce. Wannan gwaji ba ya ba da tabbas, amma yana sa a farga. In an ga matattun kifi ko tsuntsaye a bakin ruwa, a kau da garke, a hana yara wanka, a nemi rijiya ko burtsatse. Dabbar da ta faɗi bayan ta sha, kada a yi gaggawar yankawa a kai kasuwa, a kira malamin dabbobi tukuna.

Da yawa cikinku kuna da shanu a gida a hannun ƙane ko ɗan kiwo, gumin shekaru ne kuka tara a cikinsu. In za ku aika da kuɗin dusa da kanwa bana, ku haɗa da wannan saƙo, ku kuma tambayi inda ake shayar da su. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.