Santimita 87 da tsaunukan da ke rabon ruwan Indiya

Hukumar kula da yanayi ta Indiya tana da ma'auni guda da take gwada kowace damina da shi: santimita 87. Shi ne matsakaicin ruwan da ke sauka a faɗin ƙasar daga Yuni zuwa Satumba, bisa lissafin shekaru 50, daga 1971 zuwa 2020. A watannin nan huɗu ake samun kusan kashi 75 cikin 100 na ruwan shekara. Sai dai da wuya a sami manomin da ya ga wannan adadi a gonarsa. Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 3,287,263 ne, ta ninka Nijeriya sau uku da rabi ke nan, kuma tsaunuka ne ke yi mata rabon ruwa, ba kuwa da adalci suke yi ba.

A dubi gaɓar yamma. Iska mai ɗauke da danshi daga Tekun Arabiya takan iso jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, sai ta ci karo da jerin tsaunukan Ghats na Yamma, waɗanda suka miƙe kilomita 1,600 daura da teku. Dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Mumbai da ke bakin teku tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara. Garin Mahabaleshwar da ke bisa tsaunukan yana haura 5,000. Amma Pune, wadda ke bayan tsaunukan, tafiyar kilomita 150 kawai daga Mumbai, nata bai cika 800 ba, domin kafin iskar ta gangaro can ta riga ta juye kayanta.

A arewa maso gabas abin ya wuce misali. Iskar da ta taso daga Tekun Bengal tana ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Bangladash ba abin da ya tare ta, sai ta faɗa kwazazzaban tuddan Khasi a jihar Meghalaya. Ƙauyen Mawsynram na samun milimita 11,872 a matsakaicin shekara. A maƙwabcinsa Cherrapunji an auna milimita 26,461 tsakanin Agustan 1860 da Yulin 1861, wato ruwa mai zurfin mita 26 da ɗoriya in da zai tsaya inda ya sauka. Ba ya tsayawa. Gangarewa yake yi zuwa Bangladash, har mutanen garin su riƙa neman ruwan sha da rani.

Hamadar Thar kuwa, a yamma, tsaunukan Aravalli sun kwanta ne a tsawon hanyar iskar, ba su gitta mata ba, saboda haka ba sa tatsar komai. Jaisalmer da ke cikin hamadar wajen milimita 200 take gani a shekara.

To amma ruwa kaɗai ba ya tara jama'a. Littattafan makarantun Indiya sun kasa ƙasar uku: kashi 43 fili ne, 30 tsaunuka, 27 tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Mafi girman filayen shi ne na arewa, mai tsawon kilomita 2,400 da faɗin 240 zuwa 320, wanda kogunan Indus da Ganga da Brahmaputra suka gina da laka da yashin da suka kwaso daga tsaunukan Himalaya. A ƙidayar 2011 jihar Bihar da ke cikin wannan fili tana da mutum 1,106 a kowane murabba'in kilomita. Jihar Arunachal Pradesh, wadda ta fi ta ruwa nesa ba kusa ba amma tsauni ce da daji, mutum 17 gare ta. Jihar Uttar Pradesh, wadda ita ma ke cikin filin, ita kaɗai ta kusa mutum miliyan 200 a lokacin. A ganina waɗannan alƙaluma sun fi na ruwa bayyana Indiya: inda garma za ta shiga ƙasa, kogi kuma bai ƙafe da rani ba saboda ƙanƙarar tsauni na narkewa tana ciyar da shi, nan mutane suka yi cincirindo.

Akwai kuma jihar da lissafin santimita 87 ya tsallake. Tamil Nadu tana bayan Ghats, damina ta Yuni ba ta yi mata abin kirki. Kusan rabin ruwanta na shekara daga Oktoba zuwa Disamba yake zuwa, lokacin da iska ta juya ta fito daga arewa maso gabas ta ɗebo danshi a Tekun Bengal, bayan hukumar ta riga ta rufe lissafin daminar.