Ma'anar "Yawa" a Ƙarar Wakilci

Abin da za mu duba a wannan 'yar takarda kalma ɗaya ce, watau "yawa", da irin nauyin da ta ke ɗauka idan ta shiga bakin alƙali. Akwai wata irin ƙara wadda mutum ɗaya ko biyu su ke kaiwa kotu a madadin jama'ar da aka yi wa ɓarna iri guda, sauran kuwa ba sai sun zo ba. Za mu kira ta ƙarar wakilci. Hukuncin da aka yanke yakan hau kan kowa, har wanda bai taɓa taka ƙofar kotun ba. Saboda haka alƙali ba ya yarda da ita sai ya tabbata mutanen suna da yawa. To, nawa ne yawa?

Ƙasashe sun sha bamban wajen amsa. A Ostareliya, tun 1992, Kotun Tarayya tana karɓar irin wannan ƙara daga mutum 7 zuwa sama. A lardin Ontariyo na Kanada mutum 2 ma sun isa. Amma a Amurka, Ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayya, wadda aka yi wa babban gyara a 1966, ba ta ambaci adadi ba ko kaɗan. Sharaɗinta shi ne mutanen su yi yawan da tara su duka a ƙara ɗaya zai yi wuya ƙwarai. Da tafiya ta yi tafiya, alƙalai suka saba ɗaukar mutum 40 a kan sun isa, ƙasa da 20 kuwa galibi ba su isa ba. Duk da haka a 1980 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa babu yankakken adadi, sai an duba halin kowace ƙara. Kotunan Nijeriya sun gaji hanyar Ingila, inda a ke neman mutane masu yawa waɗanda buƙatarsu ɗaya ce, ba tare da an faɗi ko su nawa ba.

Bari mu buga misali da gida. A ce wani ɗan kasuwa ya sayar wa manoma 30 na Dudunni, a ƙasar Kusada, irin dawa wanda bai tsira ba. In dukansu suna gari, mai unguwa ya san kowa da sunan ubansa, mota ɗaya ko biyu ta kwashe su zuwa Katsina, kowa ya faɗi ta bakinsa. Wannan gayya ce, ba ta buƙatar wakili. Amma in damina ta wuce, rabinsu sun tafi cin rani Kano da Ikko, asarar kowane kuma ba ta kai kuɗin lauya ba, to, su 30 ɗin nan sun zama masu yawa, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Ashe ke nan abin da a ke aunawa wahalar taruwa ce: nisan wuri, da ƙarfin aljihu, da ko an san mutanen duka.

Sa'an nan kuma yawa kaɗai ba ya kai ƙara gaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Da waɗansu iyalai suka kai ƙara Niyok a 2001, abin da aka yi shekaru ana ja a kansa shi ne ko a can ya kamata a ji maganar ko a Nijeriya. Haka nan a 2011 Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe wakilcin mata ma'aikatan Walmart kimanin miliyan ɗaya da rabi, domin ba a nuna abu ɗaya ne ya same su duka ba.

Darasin da ke nan ga masu fassara da malaman makarantun horon malamai shi ne a kiyayi sa adadi inda doka ba ta sa ba. Wanda ya koya wa ɗalibi cewa "sai mutum 40" ya mai da al'adar alƙalai doka, ya kuma rufe wa manoman nan 30 ƙofar da ke buɗe. Hausa kuwa ba ta rasa kayan aiki ba. Mukan ce abu "ya yi yawa", ko "ya fi ƙarfin" mutum, kuma duka biyun aune ne da hali, ba ƙidaya ba. A ganinmu fassarar da ta fi dacewa da sharaɗin ita ce: yawan da ya fi ƙarfin taruwa. Muna fata malamai za su gwada ta a aji, su gaya mana inda ta gaza.