Kakar da Vissel Kobe ta ajiye Iniesta a benci, ta kuma ɗauki kofin Japan

Ka ɗauka kai ne kocin wata ƙungiya, kuma a cikin 'yan wasanka akwai Andres Iniesta. Shi dai wanda ka sani, wanda ya ci wa Sifaniya ƙwallon da ta ba ta kofin duniya a 2010, ya kuma ɗaga kofin zakarun Turai sau huɗu da Barcelona. Shi ne kyaftin ɗinka, shi ya fi kowa albashi, don shi mutane da yawa suke sayen tikiti, kuma mai ƙungiyar da kansa ne ya shiga jirgi ya je ya taho da shi. Yana zuwa atisaye, yana son ya buga. Za ka iya ajiye shi a benci mako bayan mako?

Wani koci mai suna Takayuki Yoshida ya yi haka a Japan a kakar 2023, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyarsa, Vissel Kobe, ta lashe gasar ƙasar a karon farko a tarihinta.

Ba mamaki labarin bai iso gidan kallonku ba. Japan ta riga Najeriya da Nijar da awa takwas, don haka wasan da aka take da ƙarfe biyu na rana a can, ƙarfe shida na safe ne a Kano ko Maraɗi, lokacin da mai gidan kallo bai ma tada janareta ba. Tsarin kakar ma a wancan lokacin ya bambanta da na Turai da ka saba. Gasar J1, wato babban rukunin ƙasar, ta fara ne a watan Fabrairu ta ƙare a farkon Disamba, ƙungiyoyi 18, kowace da wasa 34. Shekarar kuma ta zo daidai da cikar gasar shekara 30, domin ranar 15 ga Mayun 1993 aka buga wasanta na farko a Tokyo, tsakanin Verdy Kawasaki da Yokohama Marinos. Kuma ba baƙuwar gasa ba ce ga 'yan Afirka. Patrick Mboma na Kamaru shi ya fi kowa cin ƙwallo a 1997 yana Gamba Osaka, Peter Utaka na Najeriya ya raba wannan kyautar da wani a 2016 yana Sanfrecce Hiroshima, sannan Michael Olunga na Kenya ya zura 28 a 2020, aka ba shi gwarzon ɗan wasan shekara.

Kafin ka gane nauyin kofin nan a wajen mutanen Kobe, sai ka san ranar da ƙungiyar ta fara rayuwa. An tsara za ta yi atisayenta na farko da sabon sunanta ranar 17 ga Janairun 1995. A asubahin wannan ranar ce girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe da kewayensa, ta kashe mutum fiye da 6,000. Kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukar nauyin ƙungiyar, shi ma girgizar ta yi masa ɓarna, ya janye. A haka ta lallaɓa ta shigo babban rukuni a 1997, ta yi shekaru tana ta kai-komo a ƙasan teburi, har ta faɗi zuwa rukuni na biyu sau biyu, a 2005 da 2012.

Mutumin da ya riƙe ta tun 2004 shi ne Hiroshi Mikitani, ɗan asalin Kobe, mai kamfanin Rakuten na cinikin intanet. Idan ka tuna rigar Barcelona daga 2017 zuwa 2022, wannan sunan ne a ƙirjinta. Mikitani ya so ya gina wata ƙaramar Barcelona a garinsu, kuma yana da kuɗin da zai gwada. A 2017 ya kawo Lukas Podolski na Jamus. A 2018 Iniesta ya sauka, a kan albashin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 30 a shekara. A 2019 sai ga David Villa, ga Thomas Vermaelen, ga Sergi Samper, dukkansu sun taɓa saka rigar Barcelona.

Me aka samu? Kofi dai an ɗauka. Ranar 1 ga Janairun 2020 Kobe ta doke Kashima Antlers da ci 2-0 a wasan ƙarshe na kofin Sarkin Japan, wanda shi ne kofin ƙalubalen ƙasar, kuma shi ne babban kofinta na farko. Amma gasar mako-mako ba ta san suna ba. A 2018 ta ƙare a ta 10, a 2019 ta 8, a 2020 ta 14. Ta ɗan farfaɗo ta zo ta uku a 2021, sai kuma 2022 ta zo mata da tashin hankali: ta daɗe a cikin 'yan dagaji, ta yi koci huɗu a kaka ɗaya, da ƙyar ta tsira a ta 13. Na huɗun cikin kociyoyin nan shi ne Yoshida, tsohon ɗan wasan ƙungiyar, wanda karo na uku ke nan ana kiransa ya zo ya kashe gobara.

Abin da Yoshida ya yi ba shi da wani sirri. Ya dubi 'yan wasan da yake da su, ya ga ba za su iya riƙe ƙwallo kamar Barcelona ba, sai ya daina tilasta musu. Ya koma salon matsa wa abokan hamayya tun daga gidansu, kowa ya yi gudu, a ƙwace ƙwallo kusa da ragarsu, idan kuma an matse ka a baya ka ɗaga ta gaba kai tsaye. Irin ƙwallon da wasu a majalisarku za su kira “buga mu je”. Kyan gani ba ta kai ta da ba, amma tana kawo maki uku.

Wannan salon yana buƙatar mutum a gaba da zai tare doguwar ƙwallo da ƙirji, ya jingina da mai tsaron baya har abokansa su iso. Kobe tana da shi: Yuya Osako. Idan ka kalli kofin duniya na 2018, shi ne ya sa kai ya ci Kolombiya ƙwallo ta biyu a wasan da Japan ta yi nasara 2-1. Ya yi shekaru a Jamus, a 1860 Munich da Cologne da Werder Bremen, ya dawo gida a 2021. Da aka fitar da sunayen masu zuwa Qatar a 2022 babu nasa, mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare. A 2023, yana da shekara 33, ya ci ƙwallo 22 a gasar. A gefensa akwai Yoshinori Muto, wanda magoya bayan Manchester United za su iya tunawa, domin ya zura musu ƙwallo a Old Trafford a 2018 yana Newcastle. A baya akwai Gotoku Sakai, tsohon kyaftin ɗin Hamburg, a tsakiya kuma Hotaru Yamaguchi. Duk huɗun sun haura shekara 30, duk sun ɗanɗana Turai, kuma babu wanda aka ɗauke wa gudu a cikinsu.

To ina Iniesta zai shiga a nan? Mutum ne mai shekara 39 a lokacin, kuma ƙwallonsa ta natsuwa ce, a ba shi a ƙafa ya juya ya duba. Salon Yoshida kuwa yana son ɗan tsakiyar da zai bi abokin hamayya a guje na minti 90. Farkon kakar Iniesta bai samu bugawa ba, ƙungiyar kuma ta fara da cin wasanni ta haye saman teburi. Da ya dawo, kocin bai taɓa tsarin da ke ci ba. Wani lokaci a sako shi saura 'yan mintuna, wani lokaci ya ƙare wasan a zaune. Ranar 25 ga Mayu ya zauna gaban 'yan jarida, yana hawaye, ya sanar cewa zai tafi, domin yana son ya ci gaba da buga ƙwallo kuma ya ga hanyarsa da ta kocin sun rabu. Ya yi wasansa na ƙarshe ranar 1 ga Yuli da Consadole Sapporo, aka tashi 1-1, daga nan ya wuce ƙungiyar Emirates a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ka lura da abin da Yoshida ya saka a caca. Kocin da bai taɓa ɗaukar kofin gasar ba, a ƙungiyar da ta saba sallamar koci kamar ana canza riga, ya bar fitaccen ɗan wasan gasar gaba ɗaya ya tafi ana tsakiyar kaka. Da Kobe ta zame a watan Agusta, kowa ya san wuyan wa za a kama.

Kuma an kusa zamewar. Masu riƙe da kofin, Yokohama F. Marinos ta koci Kevin Muscat, sun bi su ƙafa da ƙafa, har sukan karɓi saman teburin. Su ne masu ƙwallon kallo a gasar, ga ɗan Brazil Anderson Lopes yana ta zurawa, shi ma 22 ya ƙare da su. Sannan a watan Agusta Kobe ta rasa Mitsuki Saito, matashin da ke share mata tsakiyar fili, bayan mummunan rauni a gwiwa a wasansu da Kashiwa Reysol. Rauni ne da ya ƙare masa kakar nan take. A watan Satumba ƙungiyar ta ɗauko Juan Mata, wani mai kofin duniyar, kai ka ce tsohuwar ɗabi'ar ce ta motsa. Sau ɗaya tak ya shiga fili a gasar, na 'yan mintuna. Yoshida bai sauya ra'ayi don sunan kowa ba.

Wasan da ya raba gardama shi ne na ranar 29 ga Satumba, a gidan Marinos. Osako ya ci da fenareti, Muto ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2-0. Akwai wani abu a wannan wasan da sai wanda ya san tarihin ƙwallon Japan zai gani. Harafin “F” da ke cikin sunan Marinos ragowar wata ƙungiya ce, Yokohama Flügels, wadda aka narkar da ita cikin Marinos bayan masu ɗaukar nauyinta sun gaza. Wasan Flügels na ƙarshe a duniya shi ne wasan ƙarshe na kofin Sarki ranar 1 ga Janairun 1999, ta ci 2-1, kuma wanda ya zura ƙwallon nasarar shi ne wannan Yoshida ɗin. Magoya bayan Flügels da suka ƙi bin Marinos su ne suka kafa Yokohama FC, ita ce kuma kaɗai ta faɗi daga rukunin a 2023, domin an yi shirin faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 20 a shekara mai zuwa.

Saura wasa biyu a gama, Marinos ta yi canjaras babu ci da Albirex Niigata ranar Juma'a 24 ga Nuwamba. Washegari Kobe ta karɓi Nagoya Grampus a gida, tana sane cewa nasara ta wadatar. Kafin a cika minti 15 Haruya Ide da Muto sun ci biyu, duka Osako ne ya ba su. Nagoya ta rama ɗaya ta hannun Kasper Junker, aka sha matsi har ƙarshe, amma 2-1 aka tashi. Kobe ta kammala kakar da maki 71, Marinos na da 64, kuma sau biyar kacal aka doke ta a wasa 34. Osako ya zama gwarzon ɗan wasan shekara, shi da Muto da Sakai da Yamaguchi duk suka shiga jerin fitattun 11 na gasar.

Yanzu idan ka kai labarin nan majalisa, wani zai ce ai ga shi nan, kuɗi ba ya sayen kofi. Kada ka yarda da shi da sauri. Osako da Muto da Sakai ba kyauta suka dawo daga Turai ba, aljihun Mikitani ne ya dawo da su, kuma zuwan Iniesta na cikin abin da ya mai da Kobe wurin da irinsu za su yarda su je. Wani kuma zai ce to Iniesta ne matsalar. Shi ma bai yi adalci ba, domin da shi aka ɗauki kofin farko, da shi aka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Asiya a 2020. A ganina abin da ya canza a 2023 shi ne wanda ke yanke hukunci. Shekara biyar ana zaɓen salon wasa don ya dace da sunayen da aka sayo, koci kuma ya bi ko a sallame shi. A wannan kakar an bar koci ya zaɓi salon da 'yan wasansa za su iya, sannan ya zaɓi masu bugawa a kan haka, kuma da abin ya taɓa ɗan gaban goshin mai ƙungiya, mai ƙungiyar ya haƙura ya bar shi. Ka duba ƙungiyar da kake goyon baya a Turai, ka tambayi kanka ko shugabanninta za su iya wannan haƙurin.

Sauran kofunan shekarar sun watsu ne. Urawa Reds ta doke Al-Hilal ta Saudiyya ta ɗauki kofin zakarun Asiya a watan Mayu, Avispa Fukuoka ta ci kofin Levain, wanda shi ne babban kofinta na farko, Kawasaki Frontale kuma ta ɗauki kofin Sarki a bugun fenareti. Masu cewa sa'a ce kawai ta taimaki Kobe sun samu amsa a 2024: Yoshida ya sake lashe gasar, ya haɗa da kofin Sarki, a wannan karon kuma Muto ne aka ba gwarzon shekara.