Digiri Ba Bashi: Yadda Lamarin Yake a Damagaram

A Amurka, bashin karatun da ke wuyan ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, kuma baƙar fata ne suka fi jin jiki, domin iyayensu ba su gaji dukiya mai yawa ba. Shi ya sa duniya ta ɗauka a 2019, da attajiri Robert Smith ya biya wa masu kammala Kwalejin Morehouse bashinsu.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tasa hanyar daban ce. Kuɗin rajista kaɗan ne, sannan bursin da hukumar ANAB ke bayarwa kyauta ne, ba a mayarwa. Albashin farko na wanda ya gama nasa ne: ya ɗauki nauyin ƙannensa, ya sayi fili, ko ya ja jari a kasuwar Dole.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinkiri. Bursi kan yi watanni bai fito ba, har ɗalibai su shiga yajin aiki. Ɗan manomi daga Magarya ko Tanut sai ya ci bashin mai shago, ko mahaifinsa ya sayar da akuya tun kafin damina ta faɗi.