MALAMI DA GIDANSA NA FARKO: ABIN LURA DAGA KALGO DA GWANDU

Duk shekara, in lokacin sallamar ɗalibai ya zo a kwalejinmu ta horon malamai, mukan tara su mu yi musu nasiha a kan aiki da ladabi da tattalin albashi. A 'yan shekarun nan kuwa, da wuya a tashi taron ba wani ya miƙe ya yi tambaya guda ba, watau yaushe malami zai fita daga gidan haya ya shiga nasa? Tambayar nan ta fi ƙarfin amsar tsaye, don haka muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta abin da muka gani a garuruwa biyu na ƙasar Gwandu, ko Allah ya sa malamai da akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda dattawa ke kira En'e har gobe ko da ya ke an sāke tsarin tun 1976, su amfana.

Garuruwa biyu

Garin Gwandu yana gabas da Birnin Kebbi. Nan jama'ar Shehu Usmanu suka sauka a 1805, nan kuma Malam Abdullahi ƙanensa ya riƙi yammacin daula, hubbarensa yana can har yau ana ziyara. Daga baya sarakuna suka zauna Ambursa, sa'an nan bayan tashin hankalin Satiru na 1906 Birnin Kebbi ta tabbata mazaunin Sarkin Gwandu. Sunan sarauta ya tsaya ga Gwandu, amma fada da ofisoshi da manyan ma'aikata suka koma wani wuri. Saboda haka garin ya zauna da darajarsa da malamansa, ba tare da baƙi sun yi masa rubdugu suna neman wurin kwana ba.

Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, kusa ƙwarai, daidai inda hanyar Jega ta rabu da ta Bunza da Kamba. Ita ma tsohuwar sarauta ce. Alhaji Haruna Rashid yana Sarkin Gobir na Kalgo aka naɗa shi Sarkin Gwandu a 1954. Amma har zuwa kwanan baya garin manoma ne da masunta da 'yan kasuwar ƙauye. Abin da ya juya al'amarinta shi ne ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Birnin Kebbi babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, birnin ya cika ya fara tumbatsa. Aka gina babban asibitin jiha a Kalgo. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'arta ta Birnin Kebbi, ta fara zama a Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji a kan hanyar Bunza. Bayan wannan, shirin ba manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 ya ƙara wa noman shinkafa kuɗi, masu fadama suka sami abin sayen fili.

To, duk inda likita da malamin jami'a da ɗalibai dubbai suka sauka, sai sun nemi ɗaki. Mai gida ya ga ɗakin da ya ke ba ɗan'uwa aro yanzu ana biyansa haya. Mai gona a bakin hanya ya ga in ya yanka ta fuloti fuloti ta fi gero riba. Kuɗin ƙasa yana bin sawun hukuma, inda ta sauka nan ya kan sauka. Wannan shi ne bambancin garuruwan nan biyu.

Abin ba a nan ya fara ba. A 1964 wata malamar jami'a a Landan, Ruth Glass, ta rubuta yadda masu hali ke shiga unguwannin leburori suna sayen tsofaffin gidaje suna gyarawa, har kuɗin unguwa ya fi ƙarfin waɗanda aka haifa cikinta, su tashi. Mutanen Kano da Zariya da Sakkwato sun san irinsa a unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'a da manyan asibitoci. Yanzu ya iso mu.

Labarin wani malami

Akwai wani ɗalibinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, yana koyarwa a wata firamare. Ya yi shekara biyar yana zubin adashi, matarsa ta sayar da tumakinta biyu ta ƙara masa. Dillali ya kai shi wani tsohon gida na ƙasa cikin gari, mai zaure da rijiya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Aka ce masa gidan gado ne, ga babban ɗa nan shi ke sayarwa, kuma in bai biya a makon nan ba akwai wani ma'aikacin asibiti da ya taya. Da ya shiga dubawa ya tarad da wata tsohuwa a ɗakin ƙurya tana kaɗi. Ya gaishe ta, ta amsa, bai tambayi ko wace ce ba, ba kuwa wanda ya gaya masa. Ya ba da kafin alƙalami a gaban dillali da abokinsa guda, bayan kwana uku ya cika sauran, aka rubuta masa 'yar takarda.

Bai kai ga kawo magina ba sai ga ƙanen mai sayarwa ya dawo daga cin rani, ga kuma 'yan'uwa mata biyu daga gidajen aurensu. Ashe ba a taɓa raba gadon ba, tsohuwar nan kuwa matar marigayin ce, tana da tumuninta a ciki. Magana ta kai gaban alƙali. Hukuncin bai yi wuyar ganewa ba ga wanda ya karanci Risala: mutum ba ya sayar da rabon wani sai da yardarsa, rabon nasa ma da ya sayar, tun da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya abin da mai saye ya biya su karɓe. Aka ce a mayar wa malami kuɗinsa. Amma babban ɗa ya riga ya taɓa su, sai da aka fi shekara ana biyansa kaɗan kaɗan. Kafin su taru, abin da dā za su sayi gida ya koma ba ya sayen ko kango.

Da ya zo yana ba mu labari, muka ce masa, “Malam, me ya hana ka tambayi tsohuwar?” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ranka ya daɗe, tsoro na ji kada ta faɗi abin da zai hana ni saye.” Mun daɗe muna tuna amsar nan, gama ita ce cutar mai sayen gidan farko a garin da kuɗi ke hawa. Yana ganin in ya tsaya bincike za a riga shi, saboda haka ya kan rufe idonsa da kansa.

Abin da doka ta ce

Ya kamata kowane ma'aikaci ya san cewa a Nijeriya ba a sayen ƙasa ita kanta. Tun dokar ƙasa ta 1910 da ta 1916, da wadda Jihar Arewa ta yi a 1962, ƙasar Arewa amana ce a hannun hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan a kan ƙasar duka: ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da amfani. A wurin da aka ayyana birni ne, Gwamna ke ba da izinin, da takardar shaida wadda galibi a kan rubuta mata shekara 99. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. Wanda ke da izinin Gwamna ba shi da ikon mayar da shi ga wani sai Gwamna ya yarda. Hukuma kuma tana iya karɓe wuri domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyyar da za ta biya kuwa ta abin da aka gina ce ko aka shuka.

Wannan ya fi shafar gari irin Kalgo, inda gonar bara ita ce unguwar bana. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta tsaya matsayin takardar ofishin ƙasa ba. Sau da yawa a kan yanka gona a sayar, alhali kuwa a taswirar hukuma titi ne zai bi ta wurin.

Kafin a biya

Ga abin da mu ke ba ɗalibanmu shawara. Da farko, in gidan gado ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa a tara magada duka, maza da mata, kowa ya yarda da bakinsa ya sa hannu. Na biyu, a tafi ofishin ƙasa da ƙafa a tambayi matsayin wurin, gama zuwa da kai ya fi saƙo. Na uku, a kira safiyo ya auna ya kafa duwatsu a gaban maƙwabtan kusurwa huɗu. Na huɗu, a rubuta ciniki da shaidu adilai waɗanda ba su da rabo cikin la'ada. Ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta riga ta hore mu da rubutu da shaidu tun ba a san lauya ba.

Na biyar, a je a ga wurin cikin Agusta. Kalgo tana gefen fadamar gulbi, wanda ya ga ambaliyar da ta ci gonakin shinkafar jihar nan a damina ta 2020 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Filin da ya yi sumul da rani yana iya zama tafki da damina, araha kuwa ba ta ado. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa.

Ina kuɗin?

Sai mu yi lissafi irin na aji. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. A ce mai wannan albashi ya daure ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar, watau Naira 14,000. A shekara ya tara 168,000, a shekara goma 1,680,000. Mai karatu ya je ya tambayi kuɗin buhun siminti da bandir ɗin kwano tun bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023, ya gwada da kansa. Ajiya a ƙarƙashin katifa ba ta cim ma farashin da ke gudu.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ma'aikacin da ke ciki a kan cire masa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa kowane wata, yana kuma da ikon neman rance na tsawon shekaru har 30, da ruwan kashi 6 cikin ɗari. Kowa ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa, in ana cirewa ya nemi lambarsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwa ba, ya tambayi malamai, ya kuma bincika hanyar bankunan da ba su aiki da ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe a 2012. Amma ba mai ba da rance a kan gidan da ba shi da takarda, ka ga magana ta sāke komawa ofishin ƙasa.

Hanyar da muka ga ta fi fid da ƙananan ma'aikata ita ce ta haɗa kai. Malamai goma ko ashirin su kafa ƙungiyar gama kai, su sayi gona guda a kan tudu, su biya safiyo ɗaya, su nemi takarda tare, su raba. Kowa ya fara da katanga da ɗaki ɗaya da makewayi, ya shiga, kuɗin hayar da ya huta biya ya zama kuɗin bulo. Ɗalibin nan namu ta haka ya bi daga baya, yanzu yana cikin ciki da falonsa, ko da ya ke ba a yi shafe ba tukuna. Wanda kuma asalinsa Gwandu ne ko wani gari irinta, kada ya raina filin gidansu. Aiki ya kan ƙare, ranar fansho kuwa mutum ya fi son inda za a san shi a masallaci.

Haƙƙin waɗanda aka tarar

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Malamin da ke kukan likita ya fi shi kuɗi, shi ma ya fi wani. A idon mai faskare da mai tallan fura da ke haya a ɗakin zaure, mai albashi shi ne baƙon da ya sa mai gida ya ƙara kuɗi. Ba mu ce kada a saya ba, ciniki halal ne. Amma in ka sayi gida da mutane a ciki, ka ba su wa'adin da za su sami wurin komawa, kada ka tashe su tsakiyar damina. In akwai rijiyar da unguwa ke sha, kada ka kewaye ta. Kada ka toshe hanyar ruwan maƙwabci da katangarka, kada tagar benenka ta leƙa tsakar gidansa.

Muna kuma roƙon hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi su lura tun yanzu. In ana yanka sabuwar unguwa, a fid da wurin makaranta da maƙabarta da kasuwa da magudanar ruwa kafin a sayar da fuloti na farko, a kuma ware rabo mai sauƙin kuɗi domin 'yan gari. Akawun da ke riƙe da rajistar filaye ya sani amana ce a hannunsa, fili ɗaya ba ya da masu shi biyu sai in alƙalami ya karkace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba kowane ma'aikaci inda zai sa haƙarƙarinsa ba da haƙƙin kowa ba, ya zaunad da garuruwanmu lafiya, amin.